Murar tsuntsaye: wa ke kawo ta, kuma me ya sa labarinta ke isa ga hukuma a makare?

A watan Janairun 2025 gwamnatin Jihar Kano ta tabbatar da cewa murar tsuntsaye ta sake ɓulla, wannan karon a yankin Gwale. Bayanin da jami'an lafiyar dabbobi suka bayar ba shi da tsawo. Wani matashi ne ya sayo agwagwa guda a kasuwar Janguza cikin watan Disamba, ya sake ta cikin kajinsa da zabinsa, kafin a ankara 35 daga cikin tsuntsaye 50 sun mutu. Sai da aka kai asibitin dabbobi aka yi gwaji, sannan aka san sunan abin da ya kashe su.

Duk sanda irin wannan sanarwa ta fito, tambayoyin da ke biyo bayanta ba sa canzawa. Wasu su ce tsuntsayen Turai ne ke kwaso cutar, wasu su ce kasuwa ce. Mai gidan gona yana tambayar dalilin da ya sa aka hana shi yi wa kajinsa allura alhali wasu ƙasashe na yi. Uwargida kuma so take ta ji ko ta daina sayen ƙwai. Amsar kowace tambaya a cikinsu tana komawa ga abu biyu: yadda cuta ke tsallakawa tsakanin dabbar dawa da ta gida, da yadda hukuma ke samun labari idan hakan ta faru.

## Wace irin cuta ce

Murar tsuntsaye ƙwayar bairos ce, 'yar gida ɗaya da murar da ke kama mutane. Haruffan da ake ji a rediyo, H5N1 ko H5N8, laƙabi ne da masana ke bai wa kowane nau'i gwargwadon wasu sinadarai biyu da ke jikin ɓawon ƙwayar. Asalin mazauninta cikin hanjin tsuntsayen ruwa ne, agwagin dawa da danginsu, kuma mafi yawan nau'o'inta ba sa yi musu komai. Suna kasayar da ita cikin ruwa, wani tsuntsun ya sha, zance ya ƙare.

Likitoci sun raba ta gida biyu, mai sauƙi da mai tsanani. Matsalar tana farawa ne idan nau'in H5 ko H7 mai sauƙi ya faɗa inda aka cusa dubban kaji wuri guda. A nan ƙwayar takan yi ta wucewa daga kaza zuwa kaza har ta rikiɗe ta koma mai tsanani, wadda kan share garke cikin 'yan kwanaki. Mai kiwo zai ga ƙwai ya ragu farat ɗaya, kan kaza ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, jini ya taru ƙarƙashin fatar ƙwauri. Sau da yawa ma ba a ganin komai, da safe kawai a tarar da su a zube.

Abu biyu ne ke rikita ganewa. Na farko, waɗannan alamu kusan su ne na cutar Newcastle, annobar da ta saba kwashe kajin gida duk hunturu, kuma ido ba ya iya bambance su sai gwaji. Na biyu, agwagwa kan ɗauki cutar tana yawonta tana kiwo kamar lafiyarta ƙalau. Wanda ya saye ta ba shi da hanyar da zai gane, kuma mai yiwuwa wanda ya sayar ma bai sani ba.

## Daga Guangdong zuwa Jaji

Zuriyar H5N1 da ke addabar duniya yau an fara gano ta ne a 1996, a jikin dinyar kiwo a lardin Guangdong na ƙasar Sin. A 1997 ta kama mutum 18 a Hong Kong, 6 suka rasu, hukumomi suka karkashe duk kajin yankin. A 2005 tsuntsayen dawa fiye da 6,000 suka mutu a tafkin Qinghai, abin da ya nuna cewa ƙwayar da ta yi ƙarfi a gidajen kiwo ta koma daji. Daga nan ta bi ta Rasha da Turkiyya zuwa Turai.

Najeriya ce ƙasar farko da aka tabbatar da ita a Afirka. Ranar 8 ga Fabrairun 2006 aka sanar da cewa ita ce ta kashe kaji kusan 40,000 a wani babban gidan gona da ke Jaji, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Kajin sun fara mutuwa tun wajen 10 ga Janairu. Sai da samfur ya je cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, ya wuce Padova ta Italiya, sannan aka sami tabbaci, wato kusan wata guda ƙwayar tana yawonta ba a kira sunanta ba. Kafin ƙarshen Fabrairu an same ta a Magariya cikin yankin Damagaram a Nijar, a watan Maris kuma a Marwa ta Kamaru. A farkon 2007 ta kashe wata matashiya a Legas. Kafin ta lafa a 2008 ta taɓa jihohi 25 da Abuja, kuma an yi asarar tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya.

Aka yi shekaru shiru. A Janairun 2015 ta dawo, ta ɓulla a Kano da Legas kusan lokaci guda, kuma ɓarnar wannan zagayen ta haura tsuntsaye miliyan 3. A 2021 ta sake tasowa daga Kano, a watan da kwasakwasa kusan 750 suka mutu a dausayin Djoudj na Senegal. Tun daga lokacin tazarar da ke tsakanin wata ɓulla da wata ta ragu ƙwarai.

## Tsuntsun fadama ko motar dillali?

An daɗe ana wannan gardama, kuma kowane ɓangare yana da hujja.

Masu ɗora laifin kan tsuntsayen dawa suna nuni da taswira da kalanda. Daga Oktoba zuwa Maris agwagi da sauran tsuntsayen ruwa na barin sanyin Turai da Rasha, su tsallako Sahara su sauka a dausayin Haɗeja da Nguru, da tafkin Chadi, da kwarin kogin Kwara a Mali. Lokacin kuwa shi ne lokacin da cutar ta fi ɓulla a Arewa. A waɗannan fadamu baƙin tsuntsaye na cuɗanya da na gida irin su kirinjijiya da dinya, da agwagin ƙauyukan bakin ruwa. A 2007 masu bincike sun sami nau'in H5N2 mai tsanani a jikin kirinjijiya da dinya a dausayin Haɗeja da Nguru, tsuntsayen kuma ba su nuna wata alamar ciwo ba. Binciken ƙwayoyin halittar cutar 2006 ya nuna ba sau ɗaya ta shigo Najeriya ba: zuriya daban-daban har uku aka gani, abin da ya dace da shigowa ta sama.

Ɗaya ɓangaren, wanda masu kare tsuntsaye suka fi yawa a ciki, cewa suke a dubi inda cutar ke fashewa. Ba ƙauyukan Dagona ko bakin tafkin Nguru ba ne, gidajen gonar da ke kewaye da Kano da Jos da Kaduna da Legas ne, kan manyan hanyoyin mota. Tsuntsun dawa ba ya bin titin Kano zuwa Legas. Abin da ke bin titin shi ne 'yan tsaki, da kajin da suka gama ƙwai, da kiret ɗin kwali da ke fita daga wannan gona yau ya shiga wata gobe da kashin kaji a jikinsa, da buhunan kashin da ake sayar wa 'yan lambu da masu kiwon kifi, da takalmin ma'aikaci, har da likitan da ke zaga gona biyar a yini.

Abin da hujjojin suka fi goyon baya shi ne kowanne da rawar da yake takawa. Tsuntsun dawa na iya kawo ƙwayar daga wata nahiya, amma fatauci ne ke raba ta gida-gida. Kuma hanyar ba ta zuwa kaɗai ba ce, har da komawa. A 2006 an sami cutar a jikin ungulaye a Burkina Faso, tsuntsayen da ba sa ƙaura zuwa ko'ina, sai dai suna cin mushen kajin da aka yar a bola. Shi ya sa hukumomin duniya ba sa goyon bayan harbe tsuntsayen dawa ko ƙone fadama: abin da hakan ke yi shi ne tarwatsa su zuwa sababbin wurare.

Kasuwar kaji masu rai ita ce mahaɗar komai. Duk wanda ya tsaya layin 'yan kaji ya san tsarin: akurki kan akurki, kaza a sama, zabo a tsakiya, agwagwa a ƙasa, kashin na sama na zuba kan na ƙasa. A gefe ga masu figa, tukunyar ruwan zafi guda tun safe, gashi da kayan ciki a tare wuri ɗaya. Wanda bai sayu ba yau zai kwana ya haɗu da sababbin da za a kawo gobe daga kasuwar ƙauye, don haka ƙwayar ba ta rasa sabon jiki. A 2019, a irin wannan kasuwa ce a Sakkwato aka gano nau'in H5N6 a jikin agwagwa, nau'in da ba a taɓa ganin sa a Afirka ba kafin nan.

## Me ake nufi da sa ido

Idan jami'ai suka ce suna sa ido kan cututtukan dabbobi, ayyuka ne daban-daban suke haɗawa a kalma guda.

Akwai jiran rahoto. Mai dabba ya ga mutuwar da ba ta saba ba, ya faɗa wa malamin dabbobi, shi kuma ya sanar da daraktan jiha, a ɗauki samfur a saka cikin ƙanƙara a tura Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. A Nijar ɗakin gwaje-gwajen LABOCEL da ke Yamai ne ke wannan aiki. Idan gwaji ya tabbatar, babban likitan dabbobi na ƙasa zai sanar da hukumar lafiyar dabbobi ta duniya, WOAH, kuma ƙa'idar hukumar ita ce a yi hakan cikin awa 24. Wannan hanya ce mafi arha, kuma ta nan ake gano mafi yawan annoba.

Akwai kuma fita nema, inda ma'aikata ke zuwa kasuwa ko mayanka ko bakin fadama su ɗebi samfur daga dabbobin da ba su nuna ciwo ba. Ta haka aka kama ƙwayar Sakkwato da ta Nguru. Tana da tsada, kuma a ƙasashen yankin yawanci kuɗin tallafi ne ke ɗaukar nauyinta, in tallafin ya ƙare aikin ya tsaya.

Na uku shi ne karanta ƙwayoyin halittar cutar, wanda ke nuna dangantakar ƙwayar Kano da ta Masar ko ta Turai, har a gane ko sabuwar shigowa ce ko tsohuwa ce da ta ɓuya a kasuwa.

Sa ido kan dabbobin dawa ya fi duka wuya, domin tsuntsun fadama ba shi da mai shi da zai kai ƙara. In ya mutu a cikin kachalla, kafin wani ya gan shi rana da ungulu sun gama da shi. Waɗanda suka fi kowa ganin irin wannan mutuwa masunta ne da mafarauta da ma'aikatan gandun daji, kuma su ne tsarin rahoto bai cika kaiwa gare su ba. Rashin tsaro ya ƙara nisa: akwai dazuzzuka a Zamfara da Katsina da gefen tafkin Chadi da ma'aikacin gwamnati ba ya shiga da akwatin samfur.

A kan takarda dai akwai tsari. Najeriya ta ƙaddamar da shirin haɗa lafiyar mutum da dabba da muhalli a 2019, ta sabunta dokar cututtukan dabbobi a 2022 bayan ta 1988, ta kuma kafa ma'aikatar kiwo mai zaman kanta a 2024.

## Inda igiyar ke tsinkewa

Duk wannan tsari ya rataya ne a kan shawarar mutum ɗaya cikin sa'o'i kaɗan. A ɗauki mai kajin ƙwai 3,000 da ya ci bashin abinci. Ya shiga da asuba ya kwashe matattu 40, da la'asar wasu 100. Hanya biyu ce a gabansa. Ya kira hukuma, a rufe gonar, a kashe duk abin da ya rage a binne, a yi feshi, a hana shi zuba wasu na tsawon makonni, sannan ya shiga jiran diyya. Ko kuma ya kira dillali da daddare, a kwashe masu sauran numfashi a rabin kuɗi, gobe da safe suna kasuwa. Ba sai mutum ya kasance mugu ba kafin ya zaɓi ta biyun.

Saboda haka masana tattalin arzikin kiwo ke kallon diyya a matsayin kayan aikin sa ido, ba sadaka ba: kuɗin da hukuma ke biya ne don ta sayi labari da wuri. A 2006 gwamnatin tarayya ta fara da naira 250 kan kowace kaza, abin da bai kai kuɗinta a kasuwa ba, kuma masu kiwo da yawa suka gwammace su sayar. Da Bankin Duniya ya shigo da rancen dala miliyan 50 aka gyara farashin ya kusanci na kasuwa, biyan kuma ya ɗan daidaita. Bayan annobar 2015 kuwa ƙungiyar masu kiwon kaji ta shafe shekaru tana kokawa kan diyyar da ba a biya ba, kuma wanda ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa ba sai an yi masa huɗuba ba.

Akwai wani ƙulli a cikin ƙa'idar kanta. Galibi kajin da hukuma ta kashe ake biya, ban da waɗanda suka riga suka mutu. Manufar ita ce a sa mutum ya yi saurin kai rahoto. Amma idan ya kai da wuri, jami'ai suka yi kwana huɗu ba su zo ba saboda babu mota ko babu kayan kariya, cutar za ta riga su gama aikin, a ƙirga masa 'yan tsirarun da suka rage. Hukumomi ma na da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne: diyya mai tsoka na iya sa sakaci da tsafta, ana iya ƙara adadi a takarda, kuma gonaki da yawa ba su da rajista balle a san yawan abin da ke cikinsu. Shi ya sa ake ta maganar ɗaure diyya da rajista da inshora. Hakan zai yi wa manyan gonaki daidai, amma ba zai taɓa matar da ke da kaji 12 a tsakar gida ba.

## Allura ko kashewa

Matsayin gwamnatin Najeriya shi ne ba a yi wa kaji allurar murar tsuntsaye. In ta ɓulla a kashe, a binne, a tsaftace. Dalilan da ake bayarwa uku ne. Allurar kan hana kaza mutuwa amma ba lallai ta hana ta ɗaukar ƙwayar ta yaɗa ba, don haka cutar na iya yawo a ɓoye, ƙararrawar da ake dogara da ita, wato yawan mutuwa, ta yi shiru. Ƙwayar tana sauya kama, allurar bana ba lallai ta yi aiki baɗi ba. Sannan sai an riƙa gwaji a kai a kai don bambance kazar da aka yi wa allura da wadda ta kamu. Misalin da suke kawowa Masar ce, wadda ta fara allura tun 2006 amma cutar ta zauna daram, har ta zama ƙasar da aka fi samun mutanen da H5N1 ta kama.

Masu son a ba da izini suna cewa kashewa ba tare da diyya ba suna ce kawai. Suna kuma cewa hanin bai hana shigo da allura ta bayan fage ba, wadda ba wanda ya san ingancinta ko yadda aka adana ta, kuma hakan ya fi hatsari. Nasu misalin Sin ce: bayan ta fara yi wa kaji allurar H7N9 a 2017, kamuwar mutane da wannan nau'i ta faɗi kusan ba saura. Faransa ma ta fara yi wa agwaginta allura a Oktoban 2023, ɓullar cutar ta ragu sosai a hunturun da ya biyo baya, ko da yake Amurka da Japan sun taƙaita sayen kayan kajinta a lokacin.

Idan aka duba misalan da kyau, bambancin Faransa da Masar ba a kwalbar allura yake ba. Faransa ta san kowace gona, tana kuma gwada garken da aka yi wa allura lokaci zuwa lokaci. Wato duk hanyar da aka zaɓa, ba ta tsayawa sai da sa ido mai ƙarfi, kuma allurar ma ta fi kashewa buƙatarsa.

## Abin da bushiya ta koyar

Wannan yanki ya taɓa ganin an kawar da cutar dabbobi kwata-kwata. Bushiya, annobar shanu, ta shigo Afirka a ƙarshen shekarun 1880, ta kashe mafi yawan shanun nahiyar tare da ɓauna da sauran namun dawa, ta talauta Fulani makiyaya da dama. Saboda ita aka kafa cibiyar Vom a 1924, a shekarar da aka kafa hukumar da ta zama WOAH a Faris. A 1962 aka fara gangamin allura a ƙasashen tafkin Chadi, cutar ta ja baya, aka saki jiki, sai ta dawo da ƙarfi a farkon shekarun 1980 ta yi wa shanun Najeriya mummunar ɓarna.

An daɗe ana zaton namun dawa ne ma'ajiyarta. Da aka yi wa shanun da ke kewaye da gandun Serengeti na Tanzaniya allura, sai cutar ta ɓace daga namun dawan ma, yawansu ya ninka sau da dama. Ashe shanu ne ke harba musu. A zagayen ƙarshe kuma, a Kudancin Sudan da yankin Somaliya, ma'aikata sun koma zama da makiyaya suna tambayarsu abin da suka gani da inda suka gan shi, aka kuma horar da 'ya'yan makiyayan su yi allurar da kansu. An ga cutar karo na ƙarshe a jikin ɓauna a gandun Meru na Kenya a 2001, aka ayyana kawar da ita a 2011.

Murar tsuntsaye ba za ta kawu haka ba, domin tana da mazauni na gaske a daji kuma tana sauya kama. Abin da za a iya ɗauka daga tarihin bushiya shi ne hanyar jin labari daga bakin mai dabba.

## Shanun Amurka da batun mutane

Nau'in da ya bazu tun 2020 ya wuce tsuntsaye. Ya kashe dubban dabbobin teku masu shayarwa a gaɓar Peru da Ajantina, ya isa yankin ƙanƙara na Antatika a 2024. A Maris ɗin 2024 aka tabbatar da shi a jikin shanun madara a Texas, bayan makonni ana ganin nono ya ragu ya yi kauri, kyanwoyin da suka sha shi ɗanye suna mutuwa, ba wanda ya kawo murar tsuntsaye a ransa. Ya shiga garke fiye da 1,000 a Amurka, yawanci ta jigilar shanu da kayan tatsa. Ƙasar da ke da ɗakunan gwaji ko'ina ma ta makara, saboda ba a gwada abin da ba a zata ba.

Ga mutane, alƙaluman hukumar lafiya ta duniya, WHO, sun nuna H5N1 ta kama mutum fiye da 900 tun 2003, kusan rabinsu suka rasu. Kusan dukkansu sun yi mu'amala ta kusa da tsuntsu mara lafiya, kuma ƙwayar ba ta iya yaɗuwa cikin sauƙi daga mutum zuwa mutum ba. Fargabar masana ita ce kowane tsallake zuwa jikin dabba mai shayarwa dama ce gare ta ta koyi hakan.

## Abin da ya shafi mai saye da mai kiwo

Naman kaza da ƙwai da suka dahu sosai ba sa ɗauke da cutar, zafin digiri 70 na kashe ƙwayar. Hatsarin yana wajen yanka da figa da fiɗa. Al'adar nan ta a yi maza a yanka kaza kafin ta zama mushe ita ce ke kai hannu da hancin mutum, galibi mata da yara, kusa da ƙwayar. Masu figa a kasuwa da leburorin gidan gona su ne sahun gaba, kuma duk wanda zazzaɓi da tari ko jan ido suka kama bayan ya taɓa matattun kaji ya kamata ya faɗa wa asibiti wannan bayani, ko ya kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, na 6232. Tafasa nono kuwa ya cancanta ko ba don wannan cuta ba, saboda tarin fuka na shanu da cutar da ke sa su ɓari.

A aljihu, annobar kan zo da fuska biyu. Da farko farashin kaza ya faɗi saboda tsoro da kuma masu gaggawar rabuwa da kayansu; kaza mai arha fiye da ƙima a lokacin annoba abin tambaya ce. Bayan watanni kuma ƙwai ya yi tsada, domin 'yar tsako na buƙatar kusan wata biyar kafin ta fara ƙwai. A Amurka, inda aka rasa tsuntsaye fiye da miliyan 160 daga 2022, kuɗin ƙwai dozin ya haura dala 6 a Maris ɗin 2025. A nan gida asarar na gangarawa kan mai masara da waken soya, da mai shayi, da dillalin ƙwai.

Rufe kasuwar kaji baki ɗaya kan mayar da cinikin lungu ne, inda ba mai gani. Abin da ya yi aiki a Hong Kong shi ne ware ranakun da za a kwashe komai a wanke, da hana tsuntsu kwana a kasuwa, da raba agwagi da kaji. A gida kuma matakin da ya fi arha shi ne keɓe duk sabon tsuntsu na mako biyu kafin a haɗa shi da garke, da binne mushe maimakon jefa shi bola ko kwata.

Iyaka ma na cikin lissafin. Zabi da kaji da ƙwai na ratsawa tsakanin Nijar da Najeriya ta kasuwannin Maigatari da Mai'aduwa da Jibiya da Illela kowane mako, yawanci a bayan babur, ba tare da takardar likita ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, amma ƙasashen biyu na nan cikin WOAH, kuma wajibin sanar da ɓullar cuta cikin awa 24 na kan kowaccensu.